Shekarar da Baba Ya Zauna a Gidan Suruki

Lokacin da aka kawo ni Gyadi-Gyadi amarya, a farkon shekarun saba'in, unguwar ba ta cika ba. Daga ƙofar gidan da muke haya ana hango gonaki ta wajen Tarauni, in damina ta yi nisa har sai dawa ta rufe hanya. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai kaya kudu ya komo da wasu, wani lokaci ya yi sati ban gan shi ba. Ɗaki biyu gare mu, ciki da falo, sai tsakar gida da muke tarayya da sauran masu haya.

A shekarun farko ban san zuwa awo ba. Kowace kaka Baba yakan aiko mana da gero da dawa daga ƙauyenmu da ke bakin kogi, Inna ta ƙulla daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa ta cusa a bakin buhu. Ko a shekarun fari, da mutane suka sha wuya, abin raguwa ya yi, bai yanke ba. Ina ganin matan gidanmu suna aika yara kasuwa da kwano, ban taɓa kawowa raina wata rana zan bi sahunsu ba. A ganina tuwo daga rumbun Baba yake fitowa, kamar yadda ruwa ke fitowa daga rijiya.

Farin nan ne ya sa Baba ya sauya wurin noma. Gonarmu ta tudu ta ƙone shekara biyu a jere, sai ya sauka da geronsa da dawarsa fadama, inda a da ba a shuka komai sai shinkafa da rake. Shekarar farko abin ya yi kyau, ya cika rumbu biyu. Da damina ta gaba ta kama, sai ya zuba ƙarfinsa duka a can, ya bar tudun ciyawa ta cinye.

A waccan daminar marka ta yi tsanani. A nan Kano ma an kwana biyu ba a ga rana ba, katangu suna ta zubewa a unguwa, kududdufin bayan gidanmu ya cika ya shigo lungu. Ina goyon ɗana na biyu, maigida yana hanya. Na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa zaure in dawo. Wata rana wani mai sayar da itace ya ce ya ji a tasha kogi ya haura, ya shiga garuruwan wajenmu, amma bai san waɗanne ba. Ba ni da wanda zan aika, ba ni da izinin tafiya. Na wuni ina kai-komo tsakanin ɗaki da ƙofar gida har maƙwabciyata ta ce in zauna, jiri nake sa ta.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, wata akori-kura ta tsaya a bakin lungunmu. Baba ne ya fara saukowa, sai Inna, sai ƙanena wanda ake shirin yi wa aure bayan kaka, sai ƙannena mata biyu ƙanana. Kayansu bai wuce tabarmi da tukwane da ƙullin tufafi ba, sai buhunan gero da aka sauko da su suna ɗiga. Tun kafin a shigo da su warin tsami ya riga su shiga gida.

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini doguwar magana. Saboda haka labarin abin da ya faru ba ni ta ba wa ba. Ta karɓi jaririna ta ɗora a cinya, tana jijjiga shi tana faɗa wa maƙwabciyata, ni kuwa ina gefe ina hura wuta ina ji. Ta ce da hantsi ruwan ya zo, ba da gudu ba, a hankali, kamar wanda ya san gidan. Ya fara cinye fadama, geron da ya fitar da kai ya nutse har ba a ganin zangarniya. Kafin azahar ya shigo tsakar gida. Suka yi ta tare shi da ƙasa da kara, ya ƙi. Da ya kai gindin rumbu, ƙasar ta jiƙa ta saki, rumbun farko ya zauna daɓas ya tsage, dammunan suka bi ruwa. Na biyun Baba da ƙanena suka fasa da kansu, suna kwasa a ka suna kaiwa tudu, ruwa iya ƙugu. Abin da suka ceta suka sussuke a jiƙe, shi ne wannan da ke cikin buhu. Ɗakuna sun rushe, awaki sun tafi. Mutanen gari kowa ya nemi inda yake da dangi.

Baba bai shigo cikin gida ba. A zaure ya shimfiɗa buzunsa, a nan na same shi na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon ƙasa, ya tambayi maigidan, na ce yana hanya. Ya ce, "To, ba daɗewa za mu yi ba." Sai a lokacin na gane abin da ya fi damunsa. A wajenmu uba ba ya kwana gidan 'yarsa, balle ya ci tuwon suruki. Mutumin da in ya zo duba ni ko ruwa ba ya sha, a tsaye yake sa albarka ya juya, yau ga shi da iyalinsa duka a zauren surukinsa.

Da maigida ya dawo ya tarar da su, ya yi abin da ya kamata. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya jajanta, ya bar wa Inna da yara falo, shi ya koma kwana wajen motarsa. Amma tun daga ranar gidan ya zama na kauce-kauce. In Baba ya ji motsin maigida sai ya ɗauki buta ya fita masallaci. Shi ma maigidan sai ya tsaya a bakin lungu ya aiko a duba ko Baba yana zaure. Abincin da na kai wa Baba kuwa yakan dawo kusan yadda na kai shi. Ya ce in riƙa tuƙa masa daga geronsa da ya zo da shi.

Geron nan shi ya zame mana aiki. Duk lokacin da rana ta leƙo, ni da Inna mu baza shi a tabarmi, mu cika tsakar gida har masu haya su rasa wurin taka ƙafa. Kafin ya sha iska hadari ya taso, mu kwashe a guje. Mu shanya, mu kwashe, haka muke wuni. Bai bushe ba. Na saman buhu ya yi tsiro, fararen saiwoyi sun sarƙe shi ya zama curi-curi, na ƙasa ya yi baƙi da fumfuna. Inna ta riƙa tsince mai dama-dama, mu surfa, mu wanke, mu wanke, amma tuwon in an tuƙa ba ya kama jikinsa, ga ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Baba ya ci ya ce lafiyarsa ƙalau. Yara suka ci suka kwana biyu suna zawo, ƙaramar ta galabaita har sai da muka kai ta asibiti.

Ranar da muka dawo da ita, Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce wa Baba ba za ta sake ba yaranta wannan abin ba, in shi yana so ya ci shi kaɗai. Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba.

Daga nan muka koma awo. Bakunan da ke gidan sun ninka, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa, don ba garinmu kaɗai ruwa ya ci ba, ga shi sabon amfani bai shigo ba. Abin da maigida ke bari kafin ya tafi ba ya kai mu ya dawo. Na koyi tsinka kunu, na koyi jinkirta tuwon dare don a tashi da sauran ƙoshi. Inna takan ɗauki ƙannena su bi gefen gonaki su yago tafasa da rama, mu yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Ni da ita muka riƙa cewa mun ci a madafa, kowace ta san ƙarya ɗayar take yi, ba wadda ta tona. Nonona ya ragu, jaririn ya dinga kuka, in goya shi in yi ta zagaya tsakar gida.

Maƙwabciyar tawa mutuniyar kudu ce, Kirista, mijinta bakanike. Hausarta ta karye amma ba ta jin kunyar yin ta. Ita ta lura tukunyata ba ta hawa wuta da rana. Wata rana ta shigo da ƙwarya cike da garin kwaki, ta nuna mini yadda ake zuba shi a tafasasshen ruwa a tuƙa, ta ce kaɗan ne yake kumbura ya cika ciki. Yara suka karɓe shi hannu biyu. Inna ta ɗanɗana ta ce ba laifi. Baba ya buɗe kwano ya duba, ya tambaya mene ne, aka ce rogo ne. Ya rufe, ya ce shi rogo dafaffe ya sani, a gona, ba a matsayin tuwon dare ba. Sai da ya kwana biyu yana shan ruwan kunu kawai sannan na ga kwanon ya dawo wayam.

Buhunan suna nan jingine a zaure, warinsu yana korar masu shigowa. Mai gidan hayar ya fara ƙorafi. Sai wani ɗan kamasho da ya ji labari ya zo ya duba, ya damƙi tsiron ya shinshina, ya ce ai wannan kaya ne, akwai masu nemansa a can wajen gari, har ya fi busasshe daraja a wurinsu. Ƙanena ya yi murna, ni ma da nake jin su daga bayan ƙyaure zuciyata ta yi sanyi, don na san abin da za a samu zai kai mu kaka. Baba ya tambaya su wane ne masu son ruɓaɓɓen gero. Mutumin ya yi 'yar dariya ya ce masu dafa burkutu.

Baba ya ce, "Ɗauki hularka, Malam. Ban noma shi don wannan ba."

Bayan mutumin ya tafi ƙanena ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa, ya ce yara suna kwana da yunwa, kuma ba su za su sha ba. Baba ya ce ya ji, amma a'a. Ni kuwa na koma ɗaki raina a ɓace. Har yau in na tuna, ina ganin gaskiyar Baba, ina kuma tuna yadda wuyan ƙanwata ya zama kamar sillen kara. Ban taɓa iya ajiye ɗaya in riƙe ɗaya ba.

Tun zuwansa Baba ba ya zama. In ya yi sallar asuba sai ya saɓa fartanyarsa, ita kaɗai ya tsira da ita cikin kayan aiki, ya fita. Ba inda za shi. Yakan bi hanyar Tarauni, ya ratsa ta Darmanawa, yana tsayawa a bakin gonakin mutane yana kallo. Wani lokaci ya ga ciyawa ta kama kunya sai ya shiga ya cire ba tare da an sa shi ba. Yara suka fara cewa ga tsohon nan mai fartanya. Da azahar ya dawo ƙafafunsa duk taɓo, ya zauna kaɗan, ya sake tashi. Inna ta ce haka zai yi ta yi har ya faɗi, mutumin da tun yana yaro bai taɓa ganin damina daga zaure ba.

A wannan yawon ya haɗu da wani dattijo a Tarauni, mai gona a bayan gari, yana kuma kiwon shanu na turke. Ya tarar da Baba yana gyara masa kunyar gyaɗa, ya tambaye shi daga ina. Suka zauna a gindin ɗorawa Baba ya ba shi labari. Dattijon ya ce yana da wani gefe da bai samu ya shuka ba, ciyawa ce kawai, in Baba yana so ya sa wani abu kafin ruwa ya ɗauke. Baba ya ce ba zai karɓa haka kawai ba, yana da geron da mutum ba zai ci ba amma in an shanya an tsince, dabba za ta ci. Washegari aka zo da jakuna aka kwashe buhunan. Na wanke zauren da toka, na bar ƙofa a buɗe ya sha iska.

Lokacin gero da dawa ya wuce, sai dankali da wake. Dattijon ya ba shi yaɗon dankali daga gonarsa, waken kuwa daga wanda na auno na girki Baba ya tsinci masu kyau, ina kallo, ban hana ba duk da na san abin da na rage a tukunya. Shi da ƙanena suka tayar da kunya cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan tafiyarsa ta samu inda ta nufa. Ya fara cin abinci sosai, har wata rana na ji shi yana yi wa ɗana babba wasan jika, yana ce masa ya zo su yi kokawa a ga mai gidan.

Amma hankali bai kwanta ba. Da muna roƙon ruwa ya tsaya, yanzu muka koma roƙon kada ya ɗauke da wuri. Baba yakan fito tsakar lungu ya yi ta duban gabas. In kwana biyu suka wuce ba a yi ba sai ya kasa cin tuwo. Ni ma na kamu, ina wanke-wanke ina ɗaga kai sama.

Ƙanena kuwa zuciyarsa ta bar gona. Maganar aurensa ta tsaya, don gidan yarinyar ma ruwa ya watsa su, ba a san inda suka nufa ba. Ya fara bin maigidana wajen mota, yau ya taya ɗaure kaya, gobe ya wanke gilashi. Wata rana ya same ni ina tankaɗe ya ce, "Yaya, ni fa ba zan koma ba. Shekara biyu rana ta cinye, bana ruwa ya cinye. Me zan koma in yi?" Na ce ya bari Baba ya ji daga bakinsa, ba daga nawa ba. Maigida ya ƙi ɗaukarsa sai da iznin Baba, kuma shi ba zai iya tunkarar surukinsa da wannan magana ba, sai aka sa liman ya je. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce yaro ya girma, Allah ya tsare hanya. Ranar da motar ta tashi da ƙanena Baba bai tsaya sallama ba, tun da sassafe ya tafi Tarauni, bai dawo ba sai magariba.

Ruwa ya ɗauke da ɗan sauri. Waken bai yi abin kirki ba, harawa ta fi yawa, dattijon ya samu ta shanunsa. Dankalin ya yi, ko da yake ƙanana ne. Baba ya haƙa ya kai wa mai gona rabonsa, dattijon ya ƙi karɓa, Baba ya ajiye masa a ƙofar gida ya taho. Sauran aka kawo mana a kan jaki. Ranar ya shigo har tsakar gida, karo na farko tun zuwansa, ya tsaya a kaina ina zube dankalin a bayan ɗaki. Ya ce in ɗebar wa matar bakanike. Ya ce kuma in dafa in ajiye wa maigidana rabonsa in ya dawo. Mun ci dankali a waccan shekara har yara suka fara gudunsa, dafaffe da safe, gasasshe da rana, da dare a yi fate.

Da kaka ta yi, labari ya zo ruwa ya janye, mutane sun fara komawa. Baba ya naɗe buzunsa. Inna ta ce ita ba inda za ta da yara sai an yi ɗaki a tudu, rumbu ma a tudu, ba za ta sake kwana tana sauraron kogi ba. Baba ya ce tudun ai shi ya ƙone su. Ta ce ƙuna dai ta bar musu ɗaki a tsaye, ruwa kuwa bai bari ba. Sun kwana biyu ba sa magana sai ta bakin yara. A ƙarshe shi kaɗai ya tafi, da fartanyarsa da ɗan buhun dankali, da irin gero da maigida ya auno ya ba ni in ba shi a matsayin daga ni ne. Baba ya karɓa ya dube ni, na san ya gane, ya ce Allah ya yi albarka.

Inna da yaran sun zauna da mu har bazara. Da aka aiko cewa ɗaki ya tashi a tudu, maigida ya kai su da kansa. Ya dawo ya ce mini garin ya ragu, gidaje da yawa kango ne, samari sun watse ci-rani ba su komo ba. Baba ya raba ƙarfinsa, rabi tudu rabi fadama, amma hannu ɗaya ne yanzu, ga shekaru. Daga wannan shekara bai ƙara cika rumbu biyu ba. Abin da yake samu yakan kai su tsakiyar damina, daga nan sai mu aika. Ƙanena yakan sauke musu buhu in motarsu ta bi ta wajen, Inna ta karɓa, Baba ya yi kamar bai gani ba.

Ni kuwa na zama 'yar awo kamar kowa a gidan haya, har na san ma'aunan kasuwar Tarauni ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ke cika mudu da wanda ke danne shi da yatsa. Bayan 'yan shekaru, da zan je duba wata mara lafiya a can, na bi ta wurin da Baba ya yi dankali. An kafa turaku an ja igiya, masu gini suna ta buga bulo. Na tambayi wani lebura labarin dattijon mai shanu, ya ce shi baƙo ne, bai san shi ba. Da Baba ya zo duba ni bayan sallah na faɗa masa. Yana tsaye a bakin zaure kamar yadda ya saba tun da, ya ce ƙasar wurin tana da kyau, da an bar ta. Na kawo masa ruwa, ya sha, ya ce zai wuce kada mota ta tashi ta bar shi.